Wanda Ba a Yi wa Gaisuwa Ba

Ran da aka naɗe tabarmin zaman makoki, gidan mai gyaran agogo ya koma girmansa na ainihi: ɗaki biyu, Inna mai takaba, da 'yarta Auta. Masu cewa "muna tare da ku" duk sun watse kafin magariba, har da buta ɗaya ta gidan.

A magaribar ne tsakuwa ta fara faɗo wa kwanon rufi. Ɗaya, shiru, sannan wata. Inna ta ɗora wa yaran maƙwabta laifin, maƙwabtan da ba su taɓa haihuwa ba. Kwana na uku Auta ta zauna a kujerar marigayin, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Da rana ta faɗi, sai ta soma kuka da muryar tsoho.

Aka kira malami mai ruƙiyya. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya tambaya, "Kai wane ne? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Kwana bakwai ina bakin ƙofa. Har mai kawo muku ruwa an yi wa gaisuwa. Ni da na shekara talatin muna hira da marigayin a shago kowace yamma, ko 'ya haƙuri' ban samu ba."

Inna ta ɗago kai. Ita ma shekara talatin ɗin ta yi da shi, abin da ta samu bai wuce "an gode" da "rufe ƙofa" ba. Ta ɗauka haka Allah ya yi shi.

"Hira?" ta ce. "Shi ɗin?"

"Bakinsa ba ya hutawa. Rabin hirar ma taki ce. Ki bar ni nan, in ba ki ita daki-daki."

Malam ya sassauta murya. "Inna, kada ki ja shi da zance. In aljani ya samu abokin hira, 'yarki ta zama ɗakinsa ke nan. Yi masa gaisuwa ya tafi."

Ta dubi Auta, leɓɓa a bushe, idanun ba nata ba. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta gyara mayafi, ta durƙusa yadda ake yi wa manya.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Da godiya," in ji shi. "Ke ma, ya haƙuri?"

Kafin ta amsa, Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce yunwa take ji. Inna ta tashi ta hura wuta, tana share fuska da gefen mayafi.

"Hayaƙi ne," ta ce wa malam, wanda bai tambaye ta ba.