Me Na Ce Yanzu?

Auta na goge wa mijinta kaya a falo ya sake tambayarta, karo na tara tun safe:

"Me na ce yanzu?"

"Cewa ka yi in miƙo maka takalmi."

"Shi kaɗai? Ba ki ji wata kalma ba?"

Ta san kalmar. Wata shida ke nan kalmar saki take faɗo wa mijin nata, Injiniya mai gyaran wayoyi, a rai ba gayyata. A lissafinsa, tunda ta zo masa a zuci, wa ya tabbatar leɓensa bai motsa ba? In kuwa ya motsa, zaman haram suke yi. Malamai uku sun gaya masa tunani ba furuci ba ne. Sai ya huta yini guda, washegari ya ce, "To in ban yi musu bayani daidai ba fa?"

Daga baya ya kusan daina magana a gida, sai ya zauna ya toshe baki da hannu. Abin tausayi, mutumin da a da surutunsa ke sa ta ƙona girki!

Wata Asabar Umma, mahaifiyarta, ta faɗo gidan, babban yayan Auta na biye.

"Tattara kayanki! Miji ba magana, ba kallo – hoto kika aura?"

Yaya ya dangwarar da biro da takarda a tebur. "Malam, in ka gaji da ita rubuta mana. Ba daga sama ta faɗo ba."

Injiniya ya ja da baya har bango, ya ɓoye hannayensa.

"Ku ɗauke! Don Allah ku ɗauke, kada hannuna ya rubuta ban sani ba!"

Auta ta fashe da kuka. "Umma, dube shi! Wanda ya tsane ni zai ji tsoron biro haka? Ciwo ne, wallahi ciwo ne."

"To zauna ki yi jinya. Amma kada ki zo mini da kuka!"

Umma ta fice. Wata huɗu ba ta ɗaga wayar Auta ba.

Da Auta ta kai Injiniya asibiti, likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi magani, ita kuma ya ɗora mata abin da ya fi ɗaci: ta daina amsa tambayar, domin kowace amsa ƙara wa waswasin ƙarfi take yi. Injiniya ya roƙe ta, ya yi kuka, har ya ce ba ta sonsa. Ta dinga cije leɓe tana shiru, zuciyarta na ƙuna.

Wata safiya ya ce, "Miƙo mini takalmi." Ya buɗe baki zai yi tambayar, gumi ya keto masa. Sai ya haɗiye ta, ya sa takalmi, ya tafi shago.

Auta ta durƙusa a wurin tana hawaye. Ta kira Umma, a kira na uku aka ɗaga.

Mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romonsa. Ku kuma iyaye, ku tambayi abin da ke damun mutum kafin ku miƙa masa biro.