Kan Ragon Ranar Alhamis

Da la'asar sakaliya ranar wata Alhamis, Dakta Yusha'u ya sauka daga motar haya ta danfo a Agege ya nufi bayan mayanka don ya karɓo kan rago. Duk mako haka yake yi. Shekararsa ta biyar ke nan yana koyon tiyatar ƙwaƙwalwa a wani asibitin koyarwa, kuma a bana aka fara shigar da shi aikin da ya fi kowanne wuya, wato gindin ƙoƙon kai, inda jijiyoyin jini suka cure wuri guda, wata ma ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ogansa ya sha faɗa masa cewa hannu ba ya koyon wannan aiki a littafi, ba a kuma fara koyonsa a kan ɗan mutum. Shi ya sa yake gwaji a kan kawunan raguna, a tsohon ɗakin ajiyar fatu na mahaifinsa da ke gefen layin dogo.

Haifaffen Agege ne. Mahaifinsa Ɗahiru mahauci ne, ya rasu Yusha'u yana da shekara tara, uwarsu kuwa ta riga shi. Yayarsa Badiyya ce ta rene shi. Da sana'ar tuwo ta riƙe shi har ya zama abin da ya zama, kuma har gobe Auta take kiransa, ko a gaban wa.

Shekara goma sha ɗaya Badiyya tana fama da ciwon kai. Yakan zo mata ta ƙeya, ta ɗaure kai da ɗankwali ta ci gaba da tuƙi. Matan unguwa suka ce iska ne. Yusha'u ya ce gajiya ce da zafin murhu, ya rubuta mata magani, ya yi alkawarin zai kai ta a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta in ya gama jarrabawa. Jarrabawar ta wuce, wata ta zo. Yanzu ga shi an ba shi gurbin ƙarin horo na shekara biyu a ƙasar waje, saura mako uku ya tashi, hoton nan bai samu ba.

Da mijinta Saminu ya gaji da ganin wahalarta, ya ɗauko malami aka yi mata ruƙiyya kwana uku. A rana ta uku wata murya ta tsoho ta fito daga bakinta. Muryar ta yi ta rantsuwa ba cutar da ita take yi ba, ta yi ta roƙo a bar ta, malam bai saurara ba. A ƙarshe ta ɗauki alkawari za ta fita ranar Alhamis da faɗuwar rana. A waya Saminu ya ba Yusha'u wannan labari, shi kuwa ya yi murmushi kawai, don a lokacin yana wanke hannu zai shiga tiyata.

Da safen nan ma Badiyya ta kira shi, ta ce ya biyo ta gida kafin magariba, ta yi masa miyar taushe. Ya ce in ya gama gwajinsa zai zo.

Bayan mayanka ya fara watsewa. Hayaƙin babbaka ya kwanta ƙasa-ƙasa, ƙaurin gashi ya gauraye da ƙarnin jini da warin kwata. Rumfar Baba Mato, abokin mahaifinsa da ke ajiye masa kai, a rufe take. A kan bencin gaban rumfar wani dogon tsoho ne zaune da farar riga. Ƙasan wurin duk caɓi ne, amma ko ɗigo babu a gefen rigarsa. Ƙudaje na ta sauka a kan komai, ban da shi.

Yusha'u ya yi sallama. Tsohon ya amsa a hankali, ya tura masa wani ƙunshi a cikin buhu da hannun hagu. Hannunsa na dama yana cikin riga.

"Naka ne, ɗan Ɗahiru. Ka hanzarta, rana ta yi ƙasa."

Ya ɗauka Baba Mato ne ya bar saƙo. Ya rungumi buhun ya wuce. Sai da ya tsallaka layin dogo ya lura cewa ƙunshin da ɗuminsa, kamar yanzu aka yanka.

Ɗakin fatun ba shi da taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Har yanzu warin gishiri da tsohuwar fata bai bar bangon ba. Ya sa sakata. An ɗauke wuta, don haka ya kunna fitilarsa mai caji, ya jawo tsohon madubin tiyata da ya samo daga asibiti, ya ɗaure kan a kan tebur. Kan rago ne baƙi, ƙaho a murɗe, ido a buɗe.

Ya feɗe fatar bayan kunne. Ya kunna ɗan injin huda ƙashi. Ƙurar ƙashi ta tashi da ƙaurinta. Ya bi a hankali yadda aka koya masa, ya buɗe 'yar ƙofa, ya ɗaga tantanin, ya sa ido a madubi.

Hannunsa ya tsaya.

Ya buɗe kan rago ya fi sau arba'in. A gindin ƙwaƙwalwar rago, wata raga ce ta ƙananan jijiyoyi. Wannan ba raga ba ce. Zoben jijiyoyi ne irin na ɗan Adam, kowace a mazauninta.

Kuma suna bugawa.

Ya ɗago, ya murje ido, ya sake dubawa. A can ciki, inda babbar jijiya ta rabu biyu, wani kumburi ne kamar ƙwayar gurjiya. Bangonsa ya yi siriri har ana hango jini yana juyi a ciki. Irin wannan in ya fashe, mutum ba ya ƙarasa kalmar da ke bakinsa.

A wuyan kumburin akwai yatsa. Dogo, baƙi, busasshe, ya danne wurin.

Ƙaurin ƙashi ya ɗauke. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, ƙamshin hayaƙin itace da man kitso da miyar taushe. Daga cikin kan ragon yana jin ƙarar muciya tana bugun gindin tukunya, da wata mace tana ɗan rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Ya san muryar. Da ita aka yi masa reno.

"Ka gane ta?"

Tsohon yana tsaye a ɗaya gefen teburin. Sakata tana nan yadda ya sa ta. Hannun daman da yake ɓoyewa ya fito, ya shige ta ƙarƙashin haɓar ragon har gwiwar hannu.



Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce a ɗakin nan yake zaune tun kafin a shimfiɗa layin dogo, kuma babu wani bil Adama da ya taɓa gaishe shi sai Badiyya. Tun tana yarinya, duk sanda aka aiko ta shara, sai ta yi sallama a bakin ƙofa ko da ta san ba kowa, shi kuma yana amsawa. Ranar da ya ga abin nan ya tsiro a kanta, ya sa yatsa ya danne. Ciwon da take ji, nauyin hannunsa ne. Ya ce ya ga ƙaninta yana karatun likita, ya yi ta jira.

"Shekara goma sha ɗaya ban sauke hannuna ba. Kullum ina cewa gobe zai duba ta."

Tsohon ya ci gaba.

"An karanta min abin da ba zan iya tsallakewa ba, na kuma yi rantsuwa. Ladan na buɗe baki zan tafi."

Ta 'yar kafar nan hasken rana ya koma ja.

Yusha'u ya wawuri ɗan matsin ƙarfe da yake gwaji da shi, irin wanda ake maƙalawa a wuyan kumburi. Ya riƙe numfashi, ya kai shi daidai wurin, ya saki. Ƙarfen ya wuce ta cikin jijiyar kamar ta cikin ruwa, ya faɗi a kan tebur. Ya sake. Ya sake wucewa.

"Ƙarfenku ba ya kamawa a nan," in ji tsohon. "Sai a can, in an buɗe ta. Nan yatsa kawai yake kamawa."

"To ni fa? Nawa zai kama?"

Tsohon ya dube shi.

"Zai kama. Amma mai riƙewa ba ya zama a cikin mutane."

Daga masallacin bakin titi lasifika ta yi kakari. An hura ta sau biyu.

Yusha'u ya cire safar hannu. Ya zura manuninsa. Ya ji busasshen yatsan yana zamewa daga ƙarƙashin nasa, sai ga bugun jinin Badiyya a kan fatarsa, ɗaya bayan ɗaya, da ɗuminsa.

Ladan ya ɗaga murya.

Da ya ɗago, babu kowa a gefen teburin.

Dabararsa ɗaya ce. Zai kira Saminu ya ce a ɗauke ta yanzu a kai ta asibiti, ya kira ogansa a shirya ɗakin tiyata, shi kuma ya riƙe har a maƙala ƙarfen. Awa uku, ko huɗu. Wayarsa na nan gefen fitila. Ya miƙa hannun hagu.

Yatsunsa suka wuce ta cikin wayar.

Sanyi ya kama manunin, ya hau wuyan hannu, ya wuce gwiwar hannu. Hayaniyar Agege ta fara ja da baya, hon ɗin danfo, kukan baburan okada, muryar ladan, duk kamar daga ƙarƙashin rijiya. Ya kalli hannunsa. Yana ganin hasken fitila ta cikinsa.

A jikin bango akwai mutane. Dogaye, a jere, sun yi shiru. Ɗaya ya matsa ya bar gurbi a tsakiyarsu.

Sanyin ya kai kafaɗa.

Muciyar ta daina bugu. Ya ji ƙarar buta, ya ji ruwan alwala yana zuba a siminti.

Sanyin ya shiga ƙirji. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, farkonta ya ɓace masa. Ya nemi sunan kansa, shi ma yana sulalewa.

"Yaya," ya ce, ko sautin bai ji ba.

Ya zare yatsan.

Wata 'yar ƙara ya ji, kamar an tsinka zare. Gilashin madubin ya rine ja.

Bai san yadda ya zare sakatar ba. Ya faɗa waje da rarrafe, ya miƙe, ya bi gefen layin dogo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ture masu fitowa salla.

A tsakar gida ya same ta, kwance kusa da buta, mata sun kewaye ta suna yayyafa mata ruwa. Ya durƙusa ya ɗaga fatar idonta. Ƙwayar idon dama ta buɗe ta cika. Ya san abin da hakan yake nufi, ya sha faɗa wa dangin wasu.

Leɓenta ya motsa. Ya kai kunne.

"Auta, ka zo. Tuwonka na cikin kula."

Ba ta sake magana ba. Suka sa ta a motar maƙwabci. Cunkoso ya riƙe su a hanyar Ikeja, kanta na kan cinyarsa, yatsunsa na kan wuyanta yana ƙirga bugun da ya sani. Kafin motar gabansu ta matsa, bugun ya tsaya.

Washegari bayan an kai ta, ya koma ɗakin fatun. Kan rago ne a kan tebur, ƙudaje sun rufe shi. Ya leƙa ciki, ragar jijiyoyin rago ce, a bushe. Baba Mato ya ce shi tun azahar ya rufe rumfa ya tafi bikin suna a Iyana Ipaja, bai bar wa kowa saƙo ba.

Yusha'u ya tafi horonsa ya dawo. Yanzu shi ake kira in hoto ya nuna kumburi a gindin ƙoƙon kai, kuma yana koya wa na bayansa. Duk wanda ya ce masa ƙeyarsa na ciwo, a ranar yake tura shi hoto. Manuninsa na dama bai sake ɗumi ba, ko da ya sa shi a ruwan zafi.

Abin da ya gani bai faɗa wa kowa ba, musamman Saminu. Duk Juma'a yana zuwa gaida shi, su zauna a kan tabarma a ƙofar gida. In hira ta biyo ta kan Badiyya, Saminu yakan share ido ya ce abu ɗaya ne yake sanyaya masa zuciya, shi ne Allah ya ba shi ikon raba ta da abin nan kafin ta cika, ta tafi da sauƙi a kanta.

Yusha'u yakan sa hannunsa na dama cikin aljihu, ya dubi ƙasa.

"Allah ya jiƙanta," yake cewa.