A Tsakiyar Hanya Ta Bar Shi

In za a faɗi gaskiya, likita ne ya jawo. Shi ya ce wa Baba ya riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini. Baba kuwa, mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana tuƙa babbar mota, ya ce shi ba zai tsaya yana zagaye unguwa kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba. In tafiya ce, a kai shi inda ake tafiya. Shi ya sa duk Asabar Auta take ture takardun ɗalibanta gefe, ta ɗauke shi zuwa gandun dajin da ke bayan gari, su hau dutse su sauko.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa. Malamar makaranta ce, ta haura talatin, amma a wurin Baba har yau ba ta iya tsallaka titi ba.

Ran nan sun makara, domin Baba ya tsaya koya wa mai gyaran famfo aikinsa. Sai bayan la'asar suka isa ƙofar gandun. Mai gadi, wani dogon dattijo da magana ke yi wa wuya, ya miƙo littafi suka sa hannu. Ya ba Auta usur, sannan ya maimaita musu abin da ke rubuce a allo, ko da yake sun haddace: a bi jan fentin da ke jikin duwatsu, kada a zubar da shara, kada a karya reshe, kada a tare hanya, mai saukowa ya raɓe ya ba mai hawa wuri, kuma kowa ya fito kafin rana ta faɗi. Dokar mai saukowa ita ce ke yi wa Baba daɗi. Kullum sai ya ce wanda ya rubuta ta tsohon direba ne, don a kan tudu mai hawa da kaya shi ke da hanya.

Suna hawa suna gamuwa da masu dawowa, masu keke biyu, wasu mata da sandunansu, wani mai ɗaukar hoton tsuntsaye. Kowa ya raɓe musu, suka gaisa. Auta ta ce su juya daga rabi, Baba ya ce bai taɓa sauke kaya a rabin hanya ba. Haka suka kai har sama, ba kowa sai su.

A saukowa ne abin ya faru. Takalmin Baba, sau-ciki mai santsin ƙasa wanda ta yi ta roƙonsa ya bari a gida, ya zame a kan tsakuwa. Ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Kafin ta juyo yana kwance cikin ciyawa a gefen hanya, ƙafarsa ta dama ta karkace daga idon sawu.

Ta duba waya, babu sabis. Ta busa usur har kunnenta ya yi zafi, ba wanda ya amsa. Ta gwada ɗaga shi, ya yi wani nishi da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, sai ta sake shi. Ba yadda za ta yi, dole ta sauka ta kira masu gadi.

Amma ba ta iya barinsa cikin ciyawar ba. Ciyawar ta kai gwiwa, tana tsoron maciji, tana kuma tsoron wani ya zo ya wuce bai gan shi ba. Sai ta kama shi ta hammata ta ja shi a hankali zuwa tsakiyar hanya, ta kwantar da shi a gicciye, ta sa masa jakarta a ƙarƙashin kai. Baba, da zufa ke tsattsafo masa, bai fasa hali ba. Ya ce mota in ta lalace gefe ake tura ta, in kuwa a tsakiya za ta bar shi to ta zuba ganye gaba da baya. Ta ce masa su ne na ƙarshe a kan dutsen nan, wa zai zo? Ta ajiye masa gorar ruwa kusa da hannu, ta juya da sauri don kada ya ga idonta.

Hanyar tana nannaɗe da dutsen ne, ta yi hagu ta dawo dama. Lanƙwasa biyu ƙasa da inda ta bar shi akwai wani matsattsen wuri, bangon dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, an ja igiyar ƙarfe a bakinsa. Mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya manne da bango. Lokacin da ta iso nan rana ta riga ta faɗa bayan itatuwa, sauran wani jan haske kawai a saman dutse.

Sai ta lura tsuntsaye sun yi shiru. Gyare ma ya yi shiru. Takunta kaɗai take ji.

Wani wari ya taso daga ƙasa, warin tsohuwar rijiya da toka mai sanyi.

Daga nan ta ji taku. Ba na takalmi ba, tafin ƙafa ne a kan dutse, da yawa, a jere. Zuciyarta ta yi sanyi don murna, ta ce Allah ya kawo mataimaka. Na farko ya ɓullo daga kwana, dogo, da ƙunshin kaya a kansa. Jikinta ya yi abin da ya saba tun kafin ta yi tunani: ta raɓe, ta jingina bayanta da bango, ta janye ƙafafunta.

"Sannunku da hanya," ta ce. "Don Allah..."

Ya wuce. Fuskarsa na kallon kwazazzabo.

Na biyu ya wuce. Na uku, mace ce, da tulu. Na huɗu tsoho ne, kayansa sun fi shi girma. Dukansu fuska a juye. Tufafinsu na shafar hannunta, sanyi kamar an ciro su daga ruwa.

Ta ce a ranta bari su ƙare ta tare na ƙarshe. Ta ƙirga goma. Ta ƙirga talatin. Ta daina ƙirgawa.

Abin da ya fara tayar mata da tsigar jiki shi ne numfashi. Hawan nan ko saurayi sai ya yi haki. Waɗannan ga kaya niƙi-niƙi, amma ba wanda ke numfashi. Ba tari, ba nishi. Tsakuwa ma ba ta motsi a ƙarƙashin ƙafarsu.

Ta kai usur baki. Ta busa. Iska ce kawai ta fita.

Ta so ta matsa ƙasa ta jikin bango, masu wucewa sun cike wurin. Ta fara addu'a, ta kama farkon ta rasa ƙarshen.

Sai tunanin ya faɗo mata, ya fi duk sauran muni. Sama suke tafiya. Hanya ɗaya ce. Kuma ita da hannunta ta shimfiɗa Baba a kanta.

Wata tsohuwa ta zo daidai da ita, gajeruwa, da daurin itace a ka. Auta ta tattaro abin da ya rage mata na murya.

"Iya, don girman Allah. Akwai mara lafiya a gaba. Babana ne, yana kwance a hanya."

Tsohuwar ta tsaya. Layin duka ya tsaya, sama da ƙasa, lokaci guda.

Ba ta juyo ba. Muryarta ta fito can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"A hanya?"

"Ƙafarsa ta karye."

"Wa ya kwantar da shi?"

"Ni ce."

Auta na jin bugun jininta a kunne.

"Ke kin raɓe," in ji tsohuwar. Ta ɗaga ƙafa. Layin ya ci gaba.

Ba a daɗe ba ta jiyo shi. Kwanar hanyar ta sa Baba yana kusan saman kanta, muryarsa na gangarowa sarai. Da farko da fara'a yake magana, irin ta wanda ya ga mutane, yana yi musu sannu, yana cewa 'yarsa ta sauka neman taimako. Sai muryar ta canza.

"Ku yi haƙuri. Ba zan iya tashi ba. Ku yi haƙuri."

Ya faɗa sau uku. Ya faɗa sau huɗu, a hankali.

Ba ta sake jin komai ba.

Ta kira shi, sunan bai fita ba. Hawaye na zuba har cikin bakinta, hannuwanta na manne da dutse, ba ta iya ko share su. A rayuwarta ba ta taɓa jin ba ta da amfani kamar wannan lokacin ba.

Sai layin ya buɗe.

A gabanta daidai, tsakanin wani mutum da wata mata, aka bar gurbi, daidai mutum ɗaya. Ba wanda ya dube ta. Wani hannu ya miƙo daga baya, siriri, riƙe da gammo.

Ta gane. In ta shiga, za ta kai wurin Baba. Ta kuma gane, har cikin ƙashinta, wanda ya shiga layin nan ba ya fita.

Gurbin na jira.

Ƙafarta ta dama ta ɗagu.

Wani ya damƙi wuyan hannunta ya fizge ta ta koma jikin bango. Hannu ne mai ɗumi, yana warin zufa da sabulu.

Mai gadi ne, da wasu abokan aikinsa biyu ɗauke da gadon ɗaukar mara lafiya. Ya ga sunaye biyu a littafi ba a soke su ba, shi ne suka biyo sawu. Auta ta duba hanya, ba kowa. Sai dai ta ga yadda mutanen uku suka tsaya, kowa ya manna kafaɗa da bango, tocila na kallon ƙasa, sun bar tsakiyar hanya fayau.

Mai gadi bai tambaye ta abin da ta gani ba. Abu ɗaya ya tambaya, da raɗa.

"A gefe kika bar shi, ko a tsakiya?"

Ta kawar da ido. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya ce su tafi.

Sun same shi yadda ta bar shi, a gicciye, jaka a ƙarƙashin kai, gorar ruwa ba a taɓa ba. Idonsa a buɗe, hannuwansa a manne da jiki, ya shanye cikinsa kamar mai son ya zama ƙarami. Babu rauni ko ɗaya bayan na ƙafar. Masu gadin ba su ko kalli ƙafar ba sai da suka fara janye shi gefe. Sannan suka ɗora shi, suka sauko da shi ta jikin bango har ƙofa.

Ƙashi ya haɗe cikin wata biyu. Likita ya ɗauki hoto ya sake ɗauka, ya ce ƙafar nan ta fi tasa lafiya. Amma Baba bai sake miƙewa ba. Da safe yana ci, yana hira, har ya kan tsokani Auta cewa shayinta ruwan wanke kofi ne. Da rana ta karkata sai ya yi shiru. Ya kwanta sambal a gado, ya manna hannuwa da jiki, idonsa ya riƙa bin wani abu daga hagu zuwa dama, daga hagu zuwa dama, a saman ƙirjinsa.

Auta ta tura gadon jikin bango. Ta mayar da shi lungu. Ta canza masa ɗaki. Yayarta ta ɗauke shi zuwa gidanta, can wani gari mai nisa, bayan sati uku ta dawo da shi tana kuka. An yi addu'a, an yi magani, ba abin da ya canza. Bai taɓa cewa laifinta ba ne, kuma wannan ya fi ci mata rai fiye da a ce ya zage ta.

Wata rana da yamma ta kasa daurewa. Ta durƙusa a bakin gadon, ta kama hannunsa, ta ce ya yafe mata, ya gaya mata abin da za ta yi, ko mene ne, ko da komawa dutsen ne.

Bai dube ta ba, idonsa na kan aikinsa. Ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya tura ta baya har ta jingina da bango.

"Tsaya nan, Auta," ya ce da raɗa. "Ba su gama wucewa ba."