Hoton da Barau Bai Rufe Ba

Ku matso kusa. Ladidi, bar dariyar nan, ke ce za ki fara neman mai raka ki bayan gida.

Kun san Barau mai hoto, wanda yanzu ko a biki ba ya taɓa kyamara? To, ga dalili.

Wata rana ya dawo daga suna a ƙauye, almuru ta riske shi a mashayar Kuka Uku. Shi kaɗai. Sai ga mace da yara biyu a bakin ruwa.

"Mai hoto, ɗauke mu."

"Baiwar Allah, haske ya tafi. Fitilata kuma ta mutu."

"Ɗauke mu."

Muryar ba ta hawa, ba ta sauka. Barau dai akwai son a ce ya iya. Ya buɗe idon kyamara iyakar buɗewa, ya aza ta kan dutse. In haske ya yi ƙaranci, barin idon ake a buɗe ya daɗe yana tara shi. Sai dai duk abin da ya motsa a lokacin, dishi-dishi yake fitowa.

"Kada kowa ya motsa sai na ce shi ke nan."

Ya ƙirga talatin, ya rufe. "Shi ke nan." Ya duba hoton a gilashin bayan kyamarar.

Ciyawa dishi-dishi, saboda iska. Ruwa kamar hayaƙi. Su ukun kuwa tar, har gashin ido. Shekara goma yana sana'ar, ya sani: mai numfashi ba ya fitowa haka. Balle ƙaramin yaro.

Wallahi ni kaina in na zo nan tsigar jikina tashi take.

"Ya yi kyau," in ji matar. Ko leƙawa ba ta yi ba. "Saura ɗaya, da kai a ciki. Ka tsaya irin tsayuwarmu."

Barau ya gane in ya tsaya, shi da numfashi sun rabu.

"To, uwar gida. Zan danna in shigo. Kada kowa ya motsa sai na faɗa."

Ya gyara kyamarar yadda ba za ta rufe ba sai da hannu. Ya danna. Suka ƙame. Ya cire takalmi, ya ja da baya, taku ɗaya, taku biyu. Sai ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Kyamarar tana can har yau, ido a buɗe. Su ma suna tsaye.

Kada wanda ya bi ta mashayar nan shi kaɗai. In kuwa ƙaddara ta kai ka, za ka ji murya cikin ciyawa, a hankali, ta bakin da ba ya motsi:

"Malam, an gama?"

Kada ka amsa.