Injin da Ya Haɗa Kansa

Tuwo kawai aka ba ni in kai wa yayana Maharazu, ana gab da magariba.

Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Jibiya ya haukace da sayen inji. Maharazu ma ya gina ɗaki a bakin hanyar Maraɗi, gaba kaɗan da shingen kwastan, wai niƙa zai riƙa yi wa matan Daddara. Makaniken da ke kafa inji yana Katsina, kuma sai a yi wata da watanni ana jiran sa. Yayana kuwa ba haƙuri, ga son jiki. Sai wani direban babbar mota ya sauke masa akwati, ya ce wannan ba ruwansa da makanike. A ajiye shi a ɗaki, shi zai haɗa kansa, ya daidaita kansa da mai shi. Abin da ake so kawai, duk abin da ya tambaya a amsa, kuma kada a yi masa bisimilla.

Na ce, "Yaya, inji mai tambaya?"

Ya ce, "Ke Hajo, mi kika sani ban da murhu?"

To, ga ni da kwano a ka. Tun daga nesa wari ya tare ni. Ba warin gas ba ne, ba na baƙin mai ba. Irin na kwata ne in mahauta sun tashi, ruwa ya sauka a kan tumbi. Na tofar da miyau. Ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a jikin ƙofar, a lokacin da ƙuda ba ya tashi.

Ciki kuwa ana ta ƙis, ƙis, ƙis.

Na tura ƙofa.

Notuna na gani suna rarrafe a ƙasa kamar kyankyasai. Kowane ya hau ƙarfe, ya nemi raminsa, ya murɗe kansa. Ba hannu, ba sifana. Bel ɗin da ke juya inji ya ja jiki ya naɗe kan ƙafar injin, jiƙe sharkaf, da gashi a bayansa. Wani abu mai yauƙi na ɗiga inda ake sa giris. Tir!

Maharazu na durƙushe a gabansa, kansa a sunkuye.

Murya ta fito daga mazurarin da ake zuba hatsi, ƙasa-ƙasa, kamar mai majina a maƙoshi.

"Sunan mai ni?"

"Maharazu."

"Sunan uwarsa?"

Ya faɗa. Wallahi ya faɗa. Sunan da ko a gida ba ma kamawa, ya miƙa wa ƙarfe.

"Faifan niƙa ba haƙori. A ɗauka wurin mai ni?"

"A ɗauka."

Na ji ɓas. Na sake jin ɓas. Wani farin abu ya faɗo daga bakinsa, ya gangara, ya hau injin ya shige. Wani ya bi shi. Jini da miyau na zuba a gaban rigarsa, shi kuwa murmushi yake.

Kwano ya suɓuce mini.

Ƙis-ƙis ɗin ya tsaya cak.

"Akwai ta biyu," in ji muryar. "A sa ta? Sunanta?"

Maharazu ya juyo. Idonsa fari fat. Ya buɗe wannan ramin bakin.

"Ha..."

Na daka tsalle na toshe masa baki da tafina. Dasashi ya motsa a hannuna, ɗumi, santsi. Na kurma bisimilla iya ƙarfina, na ja shi ta wuyan riga. Bel ya kawo mini duka, ya sami ƙyauren. Muka zube a titi gaban wata motar shanu, direba na zagi. Nan na amayar da duk abin da ke cikina.

Da safe maza suka je da liman. Suka sami inji a kafe, tsaf, yana sheƙi. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Aka toshe ƙofar da bulo.

Maharazu ya rayu, amma kunu ne abincinsa har ya koma ga Allah, kuma bai sake kiran sunana ba. Ni ma na hana kowa. Yara da manya, Inna suke ce mini.

Bara wata sabuwar malamar asibiti ta leƙo layin masu awon hawan jini, ta duba katina, ta ƙwala kira, "Hajo!" Kafin in ankara na amsa.

Tun ranar haƙorina na gaba yake girgiɗi.