Tsohuwar da ta Tare a Ɗakin Na'ura

Rana ta faɗa bayan duwatsun Ahaggar, sanyin Tamanrasset ya fara sauka, Kubura tana tuƙin tuwo a tsakar gida. Mijinta Tukur yana buronsa, ɗan ofishin da ke jikin gidan, inda leburori ƴan Nijar suke kawo takardunsu da hotunan iyalansu ya adana masu a babbar na'ura, wadda ake ce wa sarber. Na'urar tana can ƙurya, cikin ɗakin da ya manta da tsintsiya. Sabuwa ya saye ta ko ta hannu, Allah masani. Abin da aka sani, tun da aka kafa ta bai ƙara kiran mai gyara ba. In ta yi nauyi, a kashe a kunna. In aka yi masa zancen sabuntawa, ya ce sai bayan salla.

Ran nan ta sake tsayawa gab da magariba. Ya kira ƴarsa.

"Raliya, je ki kashe ki kunna."

"Maigida, almuru fa ya yi," in ji Kubura.

"Almurun zai cinye ta ne?"

Yarinya ta shiga. Ta jima. Da ta fito ba ta kalli kowa ba, jikinta ya yi zafi rau, wani gurnani irin na na'urar yana fita daga ƙirjinta. Sai duwatsu suka fara sauka kan rufi, ɗaya, shiru, ɗaya. Tukur ya zaga gidan da fitila, bai ga ko kyanwa ba. Haka aka yi ta yi duk magariba, ga Raliya ba ci ba barci, har Tukur ya je ya ɗauko Malam Mahamane, tsohon malamin unguwa.

Malam ya zauna ya yi ta karatu, sai bakin Raliya ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Sanyin dutse. Na iske ɗaki ba shara, ba sallama, ga ƙarfe ya toshe da ƙura yana ta huci kamar murhu. Na ce kango ne, na kwantar da jikokina. Yarinyar nan ta taka mini ɗaya."

"Aikenta aka yi. Ki fita."

"In fita, amma da murhuna."

"Ba naki ba ne."

"Tambayi mai shi, yaushe rabon da ya leƙa shi?"

Malam ya juyo a hankali. "Tukur, abin da ke cikin na'urar, ka ajiye irinsa wani wuri?"

Tukur ya sunkuyar da kai. Amanar mutane ce duka, wasunsu na asalin sun ɓace a hanyar hamada. Ya dubi ƴarsa, leɓunanta sun tsage.

"Ta ɗauka," ya ce.

Raliya ta yi atishawa, ta kira uwarta. Daga ƙurya aka ji ƙauri, gurnanin ya ɗauke, gida ya yi tsit.

Da safe Tukur ya buɗe buro, ya iske Usaini magini a tsaye, ga wasu a bayansa.

"Ina kwana, Baba Tukur? Jandarma sun ce in kai takarduna yau, ko su sa ni mota a mai da ni gida. Fiddo mini."

Tukur ya riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Shigo ka zauna, Usaini. Ku ma ku shigo."