Ramin Bayan Ɗakin Salamatu

Na san Ramalan tun yana tela a Durba, kafin son a nuna shi da yatsa ya cinye shi. 'Yarsa Sadiqa kanta na ja, wannan ba musu. Ta nemi gurbi a wata jami'ar Amurka wadda ko 'yan ƙasar sai an tankaɗe an rairaye. Malaminta bai ɓoye musu ba: cikin baƙi ɗari masu neman karatu kyauta, da ƙyar ake ɗaukar biyu. Aka ce ta yi haƙuri, ta haƙura, ta ce za ta yi a Kano. Uban ne ya ƙi.

Da rana tsaka ya hau duwatsun Rano wajen wani boka. Kogonsa na warin ƙonannen gashi, ga baƙar tukunya an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ƙudaje sun rufe ta.

"Ina aka binne mabiyiyarta ranar haihuwa?" in ji boka.

"Bayan ɗakin uwarta Salamatu."

"Ita ta ɗaure ta a gida. Tono ƙasar wurin ka kawo."

"Ba rago, ba zakara?"

"Babu. Amma abin da ya shiga tukunyar nan ba ya fita."

"In dai za ta tafi," in ji Ramalan.

Ya tona ranar da Salamatu ta je suna Fassi, ya kai wa boka ƙasar. Da shekara ta zagayo aka ɗauki Sadiqa, har da tikitin jirgi. Ramalan ya yi walima, aka koma kiransa Baban Amurka.

Wata huɗu da tafiyarta uwar ta kira ta a waya. Da Hausarta tas Sadiqa ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ba wasa take ba. Karatu na tafiya, ita ke ɗaya a aji, amma Durba ta goge daga kanta ƙaf.

Salamatu ta ga ramin, ta gane. Kullum tana tsugune a wurin tana tono da farce tana kiran 'yarta, har aka fara ɗaure ta. Damina biyu ta yi a haka ta rasu. Ramalan ya koma kogon, ba boka ba tukunya.

Ni na buga wa Sadiqa waya na gaya mata rasuwar, wallahi ina kuka. Ta saurare ni da ladabi, ta ce Allah ya ba iyalan matar haƙuri.

Kai mai ɗa, in an ce bana babu gurbi, ka karɓa ka gode wa Allah. Ramalan na nan Durba ya zare, yana tare mutane a hanya yana roƙonsu su gaya wa 'yarsa sunansa.